Rigimar Amurka Da Sin: Kada Mu Maimaita Kuskuren Sarki Ahaz

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan mako shi ne wata muhawara da ta shiga gidajenmu da harabar majami'unmu, har akan tashi daga sujada a ci gaba da ita a gindin bishiya. Wasu suna cewa zamanin Amurka da Turawa ya wuce, yanzu lokacin ƙasar Sin ne da Rasha, saboda haka gara mu koma inda ƙarfi ya koma. Wasu kuma sun kafe a kan cewa Amurka ce kaɗai za ta fitar da Kirista daga halin da yake ciki a ƙasar nan. Akwai kashi na uku, galibinsu matasa, waɗanda zaɓe ya fita musu a rai gaba ɗaya, suna cewa in dai soja zai kawo hanya da wuta da tsaro, to dimokuraɗiyya a kai kasuwa. A nawa ganin dukansu abu guda suke nema, wato ubangida mai ƙarfi da za a fake a bayansa. Littafi Mai Tsarki kuwa ya riga ya ba mu labarin wani sarki da ya yi irin wannan nema. Amma kafin mu je gare shi, bari mu fahimci rigimar kanta.

Da Tarayyar Sobiyet ta wargaje a shekarar 1991, Amurka ta zauna ba ta da kishiya a duniya. A Disambar 2001 aka shigar da ƙasar Sin cikin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, daga nan kayanta suka malale ko'ina. A 2009 ta zama ƙasar da ta fi kowace ciniki da Afirka, a 2010 ta wuce Japan ta zama ta biyu a ƙarfin tattalin arziki. A 2023 cinikin da ke tsakaninta da Afirka ya kai dala biliyan 282. Ba sai mutum ya yi zurfin karatu zai gane wannan ba. Mai karatu ya dubi wayar da ke aljihunsa, in Tecno ce ko Itel, ta kamfanin Sin ce. Ya dubi fitilar sola da ke ɗakinsa da atamfar da aka jibge a Kantin Kwari. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, kamfanin Sin ne ya shimfiɗa hanyarsa, da bashin bankin Sin. Gaskiya ne waɗannan kaya sun sauƙaƙa wa talaka rayuwa. Gaskiya ne kuma manyan masaƙun Kaduna, waɗanda suka ciyar da dubban iyalai a Kakuri, sun rufe ɗaya bayan ɗaya a shekarun 2000, saboda rashin wuta da kuma arhar kayan waje da ake shigowa da su ta ɓarauniyar hanya.

Da Amurka ta ga ana neman shan gabanta, sai ta tashi tsaye. A 2018 Shugaba Donald Trump ya ɗora wa kayan Sin kuɗin fito mai nauyi. A 2019 aka hana kamfanonin Amurka sayar wa kamfanin Huawei kayan fasaha sai da izinin gwamnati. A Oktobar 2022 gwamnatin Joe Biden ta hana a sayar wa Sin mafi ingancin ƙwaƙwalwar na'ura, wato 'yar abar nan mai kamar farce wadda ke yin lissafi a cikin waya da kwamfuta da mota da makami mai linzami. Mafi yawan masu inganci daga cikinsu a tsibirin Taiwan ake ƙera su, a kamfanin TSMC, kuma Sin tana cewa tsibirin nan nata ne. Injin da ake zana mafi ƙanƙantarsu da shi kuwa, kamfani ɗaya tak ne a duniya yake ƙera shi, wato ASML na ƙasar Holan. Ita ma Sin ba ta zauna ba. Ita ce take tace mafi yawan wasu ma'adinai masu wuyar samu da ake bukata wajen ƙera injuna da jiragen yaƙi, sai ta fara taƙaita fitar da su. A Afrilun 2025 kuɗin fiton da Amurka ta ɗora wa kayan Sin ya kai kashi 145 cikin 100, na Sin a kan kayan Amurka ya kai kashi 125, kafin su zauna a Janiba a watan Mayu su rage.

To ina ruwan manomin Kafanchan ko malamar makarantar Biliri da wannan? Ruwansu shi ne, duk waɗannan na'urori daga ƙasa ake tono abin da ake yin su da shi. Batirin waya da na mota mai aiki da lantarki yana bukatar kobalt da litiyom, kuma Allah ya binne da yawa daga cikin waɗannan duwatsu a ƙarƙashin gonakin talakawan Afirka. Shi ya sa manyan nan suke ta zarya a fadojin shugabanninmu, kowa da jakarsa da alkawarinsa.

Yanzu mu koma ga Sarki Ahaz. Labarinsa yana cikin Littafin Sarakuna na Biyu sura 16 da Littafin Ishaya sura 7. Yahuza ƙaramar ƙasa ce a tsakanin manyan dauloli. Sarkin Suriya da sarkin Isra'ila suka haɗa kai suka kewaye Urushalima, tsoro ya kama Ahaz. Annabi Ishaya ya je ya same shi, ya ce masa ya kwantar da hankalinsa, waɗannan sarakuna biyu ba za su daɗe ba. Ahaz bai ji ba. Ya kwashe azurfa da zinariya daga Haikali da baitulmalin fada, ya aika wa Tiglat-filesar sarkin Assuriya, yana kiran kansa bawansa da ɗansa. Taimako kuwa ya zo, Assuriya ta ci Dimashƙu da yaƙi. Amma da Ahaz ya je can gaishe da sabon ubangidansa, sai ya ga wani bagade ya ba shi sha'awa, ya aiko da fasalinsa gida. Uriya firist ya gina shi ba tare da ya ce uffan ba, aka ture bagaden tagulla na Ubangiji gefe. A zamanin ɗansa Hezekiya, ita wannan Assuriya da aka gayyato ce ta dawo ta cinye garuruwan Yahuza masu garu. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mai karatu ya riƙe mutum biyu a zuciyarsa daga wannan labari, Ishaya wanda ya yi magana, da Uriya wanda ya yi shiru ya bi umarni.

In ana neman inda labarin Ahaz ya maimaitu a zamaninmu, a dubi Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. Daga mahaƙar Shinkolobwe ta ƙasar aka tono mafi yawan yuraniyom ɗin da Amurka ta ƙera bama-bamanta na farko da shi, har da wanda aka jefa wa Hiroshima a 1945. A Janairun 1961 aka kashe firayim ministanta na farko, Patrice Lumumba, da hannun jami'an Beljiyam a ciki. Daga 1965 zuwa 1997 Mobutu ya mulki ƙasar yana wawushe dukiyarta, ƙasashen Yamma masu wa'azin dimokuraɗiyya suna dafa masa baya shekara da shekaru domin yana gefensu a gabarsu da Sobiyet. Bayan haka sai Sin ta shigo. A 2008 gwamnatin Joseph Kabila ta ƙulla yarjejeniya da kamfanonin Sin, su ɗebi tagulla da kobalt, su gina hanyoyi da asibitoci. A 2016 wani kamfanin Amurka, Freeport-McMoRan, ya sayar wa wani kamfanin Sin kasonsa na babbar mahaƙar Tenke Fungurume a kan dala biliyan 2.65. Kwango ce take fitar da wajen kashi 70 cikin 100 na kobalt ɗin duniya, amma a kewayen garin Kolwezi an sha samun yara ƙanana suna tono da wanke duwatsu da hannu. Tuta ta sauya, harshen mai gida ya sauya, mai shiga rami kuwa shi ne dai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Amma akwai wani abu a labarin Kwango da ya kamata ya ƙarfafa mu. Wa'adin Kabila ya ƙare a Disambar 2016, ya ƙi shirya zaɓe. Bishop-bishop na Katolika suka shiga tsakani, aka sa hannu a yarjejeniya ranar 31 ga Disamba na wannan shekara. Da aka ƙi cika ta, masu bi suka riƙa fitowa daga majami'u bayan sujada suna tattaki, aka harba musu barkonon tsohuwa har cikin coci, aka kashe wasu. A Janairun 2018 wani fasto na Furotesta, François-David Ekofo, ya tsaya a gaban manyan gwamnati ya faɗa musu gaskiya a wa'azi, bayan haka sai da ya bar ƙasar. A ƙarshe Kabila bai tsaya takara ba. A zaɓen Disambar 2018 bishop-bishop suka baza masu sa ido wajen 40,000, kuma suka fito fili suka ce sakamakon da aka sanar bai yi daidai da abin da mutanensu suka tattara ba. Zaɓen bai yi tsabta ba, amma kujera ta sauya hannu. A ƙarƙashin sabuwar gwamnati ne masu binciken kuɗin ƙasar suka bayyana a 2023 cewa ayyukan da aka yi a ƙarƙashin yarjejeniyar 2008 ba su kai na dala biliyan ɗaya ba, a 2024 kuma aka sake zama aka ɗaga alkawarin ayyukan zuwa dala biliyan 7. Da mai sa hannu na farko yana nan daram a kujera, wa zai buɗe wannan takarda?

Wannan shi ne zuciyar maganata. Ba Basine ko Ba'amurke ne yake sa hannu a madadinmu ba. Ɗan ƙasa ne, minista ko gwamna ko hakimi. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Baƙo yana zuwa neman ribarsa ne, kuma ba a ga laifinsa a kan haka ba. Abin da ke tsare talaka a cikin wannan ciniki shi ne ikonsa na tambayar wanda ya sa hannu, da ikonsa na sauke shi in ya ci amana.

Mu ma a nan mun ɗanɗana. A 1942, da Japan ta ƙwace Malaya inda Ingila take samun kuza, gwamnatin mulkin mallaka ta juyo kan Filato. Aka bi ta hannun hukumomin gargajiya aka kwaso dubban mutane daga lardunan Arewa aikin tilas a ramukan kuza, abin da tsofaffi suke kira ɗiban gwamna. Sanyi da cuta suka kashe da yawa kafin a daina a 1944. Ba wanda ya tambayi ra'ayinsu, domin ba su da ƙuri'a. Da kasuwar kuza ta faɗi a 1985, abin da aka bar wa mutanen Bukuru da Barkin Ladi shi ne kududdufai masu cin mutane da gonakin da suka lalace. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara. Yanzu kuma litiyom ne ake yayi. A Mayun 2024 aka buɗe masana'antar sarrafa shi ta wani kamfanin Sin a Jihar Nasarawa, a Disambar wannan shekara kuma kamfanin dillancin labarai na AP ya ba da rahoton yara ƙanana da ke aiki a ramukan da ba su da lasisi a jihar. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ga 'yan'uwana matasa masu sha'awar kaki, ina roƙonku ku dubi maƙwabciyarmu Nijar da idon basira. Fushinsu da Faransa yana da tushe. Tun 1971 ake tono yuraniyom a Arlit ana haska biranen Turai, alhali yawancin ƙauyukan Nijar suna cikin duhu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sojojin Faransa suka fice a Disamba, masu horarwa daga Rasha suka sauka a Afrilun 2024, sojojin Amurka suka kammala ficewa a Satumbar wannan shekara. Sai kuma me? A Maris ɗin 2025 aka rantsar da Janar Abdourahamane Tiani na shekara biyar ba tare da zaɓe ba, aka rushe jam'iyyun siyasa. A Mali ma an rushe su a watan Mayu. To idan gobe aka sayar da yuraniyom ko mai ga sabon aboki a kan farashin banza, a wace majalisa za a yi tambaya, a wace jarida za a buga? Wannan shi ne gudun gara a faɗa gidan zago. Waɗanda ba su ga mulkin soja a ƙasar nan ba, su tambayi iyayensu. A 1984 an ɗaure 'yan jarida biyu a ƙarƙashin Doka ta 4. Ranar 10 ga Nuwambar 1995 aka rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas, bayan ya daɗe yana kuka a kan yadda haƙar mai ta ɓata ƙasar Ogoni. Kuɗin da aka sace a zamanin Janar Abacha kuwa, shekaru aka yi ana dawo da su daga bankunan Turai.

Ga masu zuba wa Amurka ido kuma, na san abin da ke cin zukatanku. Mun binne 'yan'uwa a Filato da Binuwai da Kudancin Kaduna, kamar yadda maƙwabtanmu Musulmi suka binne nasu a Zamfara da Katsina da Borno, kuma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa zai kama. Ba kuma za mu manta da alheri ba, shirin maganin cutar ƙanjamau da Shugaba George Bush ya kafa a 2003 ya ceci rayuka masu yawa a asibitocinmu. Amma ku lura da wannan. A Disambar 2020 Amurka ta sa Nijeriya cikin jerin ƙasashen da take zargi da tauye 'yancin addini. A Nuwambar 2021 wata gwamnati ta cire ta. A ƙarshen Oktobar 2025 aka sake mayar da ita. A cikin waɗannan shekaru ba a daina kisa a ƙauyukanmu ba, abin da ya riƙa sauyawa shi ne wanda ke zaune a fadar Washinton. A ita wannan shekara ta 2025 ne kuma aka rufe hukumar agaji ta USAID, ayyukan lafiya da yawa suka tsaya cik. Wanda ya rataya ransa a kan zaɓen wata ƙasa, ya rataya shi a kan ƙuri'ar da ba shi zai jefa ba.

Ban ce dimokuraɗiyyarmu tana da lafiya ba. A 2023 mutum fiye da miliyan 93 suka yi rajista, waɗanda suka jefa ƙuri'ar shugaban ƙasa ba su wuce miliyan 25 ba. Mun ga yadda ake sayen ƙuri'a da taliya da sabulu, mun kuma sha wuyar tsadar rayuwa tun da aka cire tallafin mai. Ko a Amurka ma, ranar 6 ga Janairun 2021 magoya bayan wanda ya faɗi zaɓe sun afka wa majalisar dokoki. Duk da haka, a 2015 shugaba mai ci ya faɗi zaɓe a ƙasar nan ya miƙa mulki. A 2024 jam'iyyun da ke mulki sun sha kaye a Senegal da Gana, a Botswana kuma jam'iyyar da ta yi shekara 58 a kan karaga ta sauka ba a zubar da jini ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, magani ake nema masa. Mu tuna kuma cewa ikkilisiya tana da hannu a wannan gado. A Fabrairun 1990 Bishop Isidore de Souza ne ya shugabanci taron ƙasa na Jamhuriyar Benin, wanda ya kai ga Janar Mathieu Kérékou ya tsaya zaɓe a 1991, ya faɗi, ya sauka.

To mene ne aikinmu? Na farko, kowane baligi a cikin ikkilisiya ya tabbata yana da katin zaɓe kafin 2027, kuma kada ya sayar da shi kamar yadda Isuwa ya sayar da gādonsa saboda abinci ɗan kaɗan. Na biyu, mu san doka. Tsarin mulki ya ba Gwamnatin Tarayya mallakar ma'adinai, amma Dokar Ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai lasisin haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya ƙasa da al'ummar wurin kafin ya fara aiki. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 kuma ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman takardun gwamnati. In baƙi sun zo ƙauyenku da injuna, dattawa da zumuntar mata da matasa su nemi ganin lasisi da yarjejeniya, a karanta a fassara a gaban kowa, tare da maƙwabtanmu Musulmi, gama rijiyar da guba ta shiga ba ta tambayar addinin mai sha. Na uku, kada mu yarda a cire ɗa daga aji a sa shi a rami, kome yawan kuɗin da ake biya a yini.

Na huɗu ya shafe mu ma'aikatan ikkilisiya, fastoci da katikis da dattawa. Ɗan siyasar da ya kawo mota ranar godiyar kaka, ko mai haƙar da ya yi wa majami'a rufin kwano, ba a rasa abin da yake jira. Bakin da ya ci ba ya iya tsawatawa. Ranar da za a zo ƙwace gonar gwauruwa, a lokacin ne za a san ko Ishaya ne yake tsaye a bagadenmu ko Uriya.

Masar ta yi zamaninta, Assuriya da Babila da Roma sun yi nasu, Ingila da ta mulke mu ta tattara ta tafi a 1960. Amurka da Sin ma za su yi nasu su wuce. Mu yi ciniki da kowa, mu karɓi alheri mu yi godiya, amma kada mu kwashe kayan Haikali mu kai wa kowa, kada kuma mu saki ikon tambayar shugabanninmu domin wani ya yi mana alkawarin kariya. Ubangiji ya ba shugabanninmu tsoronsa, ya ba mu kunnen ji da ƙarfin halin faɗin gaskiya. Amin.